Lacca a Katsina: koyon zanen fuska ta bin hannun gwani

Assalamu alaikum. Abu uku na zo da su. Na baya, kuna ji na? Madalla.

Na farko, kwaikwayo ba abin kunya ba ne. Dukkanmu mun riƙe allo: malam ya rubuta maka, ka yi ta bin hannunsa har naka ya faɗa. Aina Onabolu, mutumin Ijebu-Ode da ya rasu a 1963, da hotunan mujallu da littattafai ya koya wa kansa zane, sai a 1920 ya tafi Landan karatu. A gidan tarihi na Louvre da ke Faris, har gobe ana ba masu zane izini su zauna gaban aikin magabata suna kwafa.

Amma ni Rembrandt nake so ku kwafa. Mutumin Holan ne, ya rasu a 1669, ya yi ta zana fuskarsa tun yana saurayi har tsufa. Ku dubi wannan da na ɗaga. Haske ta gefe guda ya shigo, rabin fuskar na cikin duhu, amma a kuncin da ke duhun, ƙarƙashin ido, ga ɗan haske mai kusurwa uku. Kun gan shi? Ɗan wannan! Wata guda na yi ina bin sa. Ku shiga zaure da hantsi, ku zaunar da ƙanenku kusa da ƙofa ya ɗan juya, wallahi za ku gan shi a kuncinsa. Kuma kada ku fara da ido. Kowa ido yake rugawa, yana jera gashin ido ɗaya-ɗaya, alhali kan ma bai zauna ba. Ku ɗan kanne idanunku, ku shimfiɗa duhun tukuna. Duhu tukuna, na sake faɗa. Fatarmu kuwa ba da baƙin fenti ake yin ta ba. Akwai ja a ciki, akwai ruwan ƙasa, goshi har shuɗin sama yake ɗauka.

Na uku, au, na biyu ko? Awo. Idanu a tsakiyar kai suke, ba can sama ba. Ku auna da fensir.

Na'am, ƙanwata? Tana tambaya ko wannan ba sata ba ce. A'a. Sata ita ce ki sa sunanki ki sayar a matsayin naki. Van Gogh, mai zane ɗan Holan, ya kwafi ayyukan Millet, mai zane ɗan Faransa, da yawa yana jinya a Faransa a 1889, kuma bai ɓoye ba. Ki juya bayan takardar, ki rubuta sunan mai aikin da ranar da kika kwafa. Wancan da ke leƙowa daga jakarki naki ne? Kawo shi nan gaba mu duba inuwar.