Bakan Gizo da Tsakar Rana a Gilasgo

Assalamu alaikum jama'ar Sakkwato, na Mabera da na Runjin Sambo da duk inda kuke kallona. Bari in juya kyamara. Kun gan shi can bisa rufin gidaje? Bakan gizo ne, kuma yanzu ƙarfe sha biyu da rabi na rana a nan Gilasgo, ƙasar Sikotilan. Duk wanda ya tashi a gida ya san wanga abu ba ya fito mana da tsakar rana, sai da safe ko bayan la'asar. Dalilin haka nake so mu duba, don yana burge ni ƙwarai.

Ku lura da tsayuwata. Rana tana bayana, can kudu, ƙasa-ƙasa. Ruwa kuma yana sauka a gabana, wajen arewa. In babu waɗannan biyun tare, babu baka.

Hasken rana da muke gani fari, launuka ne a haɗe. In ya shiga ɗigon ruwa sai ya ɗan karkace, ya bugi bangon ɗigon na baya ya dawo, ya sake karkacewa wajen fita. Kowane launi da gwargwadon karkacewarsa, nan suke rabuwa. Ja yana fitowa a kusurwar digiri 42, shunayya a wajen 40, shi ya sa kullum ja ne a waje, shunayya a ciki, ruwan lemo da rawaya da kore da shuɗi suna tsakani.

To ga inda zancen yake. Bakan gizo zobe ne cikakke, ƙasa ce ke ɓoye mana sauransa, kuma tsakiyar zoben tana daidai inuwar kanka. Rana na yin sama, tsakiyar na nutsewa, bakan na bin ta. Da zarar rana ta haura digiri 42, duk zoben ya shige ƙasa, ko ruwa na zuba ba za ka gan shi ba. Sakkwato tana digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Ko a Disamba, lokacin da rana ta fi yin ƙasa, da tsakar rana tana kaiwa wajen digiri 53, da damina kuwa kusan bisa ka take tsaye. Nan Gilasgo muna wajen digiri 56, a Disamba rana da ƙyar take kaiwa digiri 11 ko 12. Wuni guda cur kamar hantsi take, ga yayyafi ba ya yankewa.

Muna yara an sha ce mana bakan gizo ne ke shanye ruwa. Ina fahimtar manomin da ke bakin gulbin Rima, gero na jiran ruwa, ya ga hadari ya taso daga gabas, baka ya fito, ruwa bai iso gonarsa ba. Abin da zafi. Amma bakan kansa shaida ne cewa ruwa yana sauka can inda yake. Fitowarsa tana nuna rana ta sami kafa, hadarin bai rufe sama duka ba, irin wanda kan zuba a Kware ya bar Wamakko a bushe.

Kuma ina so ɗalibanmu su san wani malami, Kamaluddin al-Farisi, wanda ya yi karatu a birnin Tabriz na ƙasar Iran. A farkon ƙarni na 14 ya cika kwalba mai siffar ƙwallo da ruwa, ya sa ta a ɗaki mai duhu, ya bi hanyar hasken a cikinta. Da haka ya bayyana har baka na biyu, wanda kan fito sama da na farko a wajen digiri 51, launukansa a juye, ja a ciki, saboda hasken ya bugi bangon ɗigo sau biyu. Wannan fiye da shekara 300 kafin Rene Dekart na Faransa ya fitar da lissafin kusurwar a 1637.

Ku gwada da yaranku yau. Bayan la'asar, rana ta sunkuya, ku juya mata baya, ku fuskanci bango mai inuwa ko itace mai duhu. Ku danne bakin tiyo da yatsa ruwa ya fita ƙanana-ƙanana. In babu tiyo, a guntsi ruwa daga buta a fesa da ƙarfi, sannan a duba gefen inuwar kai.