Amsoshin Tambayoyinku: Tsakanin morsel da titbit

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wata ɗalibar sakandare a Funtuwa. Ta ce malaminsu na Turanci ya soke mata kalmar titbit da jan biro, ya rubuta morsel a kai, alhali ƙamus ɗinta ya ce duka biyun ɗan ƙaramin abinci ne. Jimlar tata dai tana cewa ne almajiri ya kwana bai sa ko titbit a bakinsa ba. Tana tambaya, ina bambancin?

To ƙanwata, malaminki ya yi daidai, sai dai da ya yi miki bayani da ya hutar da ke kuɗin kati.

Morsel ita ce loma. Girman abin take aunawa, wato abin da baki zai ɗauka sau ɗaya, ko da daɗi ko babu. Gayan tuwo ma in kin gutsuro, morsel ne. Shi ya sa ake jinta a zancen yunwa da rashi. Daga tsohon Faransanci ta shigo Turanci, cikin ɗimbin kalmomin da suka kwararo bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, tushenta kuma kalmar Latin ce mordere, ma'ana cizo. Wani abin sha'awa, daga wannan tushe aka samu remorse, wato nadama, abin da ke dawowa yana cizon mutum. Mu kuma sai mu ce cizon yatsa. Kin ga kowa da inda haƙori ke kama shi.

Ita kuwa titbit ba ruwanta da ƙoshi. Daɗi take nufi, ɗan abin da aka zaɓo saboda ya fi saura. Kamar a ce kakarki ta tsamo 'yar hanta ko ƙoda daga tukunya ta miƙo miki a ɓoye kafin a raba abinci. Ƙwalama ce. Wanda ya kwana da yunwa kuwa ba ƙwalama ya rasa ba, loma ya rasa. Nan jimlarki ta karkace.

Za ki ga Amurkawa suna rubuta tidbit, 'yan Ingila kuma titbit. Kalma ɗaya ce, tun ƙarni na 17 ake amfani da ita. A jarrabawa dai ki bi rubutun Ingila, shi makarantunmu suka fi sabawa da shi.

Sannan titbit ta fi yawan fita daga kicin. In Bature ya ce ya zo da titbit game da maƙwabcinsa, kada ki miƙa kwano, ɗan gulma ne ya tsinto mai daɗin ji.

Sai wasiƙa ta gaba, daga Maraɗi.