Abin da Jiki ke Ci Ko Kana Kwance

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena, yayyena da ƙannena, na gode da kuka ara mini kunnuwanku a wannan yammaci.

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta shigo wurina tana jan ƙafa. Kwana ashirin kenan ba ta cin komai sai ruwan shayi da safe, da 'yar kokwamba da daddare. Idanunta sun faɗa, leɓe ya bushe, in ta miƙe sai ta dafa bango saboda jiri. Ta ce mini, "Likita, ƙibar nan ce ta ishe ni." Wallahi ta ba ni tausayi, kuma saboda irinta na zaɓi wannan batu.

Ko mutum ya wuni a kwance bai ɗaga ko tsinke ba, jikinsa na cin abinci. Zuciya na bugawa, huhu na shaƙar iska, ƙoda na tace jini, hanta ba ta hutawa. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana ɗauke kusan kashi 20 cikin 100 na wannan kuzari. Wannan kuzarin da jiki ke ci ko kana kwance shi ne likitoci ke kira BMR a taƙaice, ni kuwa nakan ce kuzarin tushe. A wurin yawancin mutane shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 na kalorin da jiki ke ƙonawa a rana. Kalori shi ne ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci.

Ana iya ƙiyasta shi. Masana biyu, Harris da Benedict, sun fitar da lissafinsu a Amurka tun 1919, amma wanda muka fi amfani da shi yanzu na Mifflin da St Jeor ne, na 1990. Mai biro ya rubuta. Nauyinka a kilo sau 10, a haɗa da tsayinka a santimita sau 6.25, a cire shekarunka sau 5. Namiji ya ƙara 5, mace ta cire 161.

Mu ɗauki Hajiya mai shekara 40, kilo 80, tsayi santimita 160. Ɗari takwas da dubu ɗaya, a cire 200, a cire 161, ya ba mu kalori 1,439 a rana. Wannan kuɗin hayar rai ne, dole a biya kullum. In tana aikin gida da ɗan zuwa unguwa, sai mu ninka da 1.4, ya kai kusan 2,000. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kusan 7,700, don haka in ta rage 500 a rana, tana cin 1,500, za ta riƙa sauke kusan rabin kilo a mako. Na ga wasu sun yamutsa fuska, wai ya yi kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa. A wata shida kilo nawa kenan?

To me zai faru in aka yi gaggawa? A 1944 zuwa 1945, wani masani Ancel Keys ya yi gwaji a Jami'ar Minnesota da maza 36. Wata shida ana ba su kusan rabin abincin da suka saba. Sun zubar da kusan rubu'in nauyinsu, kuzarin tushensu kuma ya faɗi da kusan kashi 40. Sanyi ya dame su, ransu ya ƙuntata, ba abin da suke tunani sai abinci. Jiki in ya ji yunwa tsimi yake shiga, yana kuma cin tsokarsa. Tsoka kuwa ta fi kitse ƙona kalori, saboda haka ranar da aka koma cin tuwo, ƙibar na iya dawowa har da riba.

Daga ina za a cire 500 ɗin nan? Ku leƙa tukunya. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko furotin kuwa, da ake samu a hatsi da nama, 4 ne. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai 120. Ku tuna yadda ake kwarara manja a miya har ya taso sama ya yi ja, ko yadda masa ke shan mai a tanda. Lemon kwalba ɗaya ya kusan 150. In kun cire cokali biyu na mai, kwalba ɗaya, da sukarin da mai shayi ke zubawa, kun kusa haɗa 500, tuwonku na nan. Ku ƙara wake, ƙwai, kifi, zogale da alayyahu, ku taka da ƙafa rabin awa.

Shayin rage ƙiba da ake tallawa a waya kuwa, da yawansa zawo da fitsari yake sawa. Ruwan jiki ne ke fita, kitsen yana nan daram.

Ina roƙonku, kada mace ta sauka ƙasa da 1,200 a rana, namiji ƙasa da 1,500, sai da kulawar likita. Mai ciki, mai shayarwa, da mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, kada su taɓa wannan lissafi kafin su je asibiti, domin sukarin jini na iya faɗuwa. Baba da ke can baya, na ga hannunka tun ɗazu. Bismillah.