Na je kallon ƙwallo a gidan wasan kwaikwayo

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da iskar da ke shiga makirfo, a bakin kogin Thames nake a Landan. Wancan ginin simintin da ke bayana, mai kama da wanda ba a gama ba, shi ne National Theatre, yanzun nan na fito daga ciki. Dear England na kalla, wasan kwaikwayon da James Graham ya rubuta a kan Gareth Southgate, tsohon kocin Ingila.

Abin da ya fara ɗaure min kai, ana buga fenareti amma ba ƙwallo. Ɗan wasa zai tako, ya ja numfashi, ya shuri iska, sai ka ji tim! daga lasifika. Dattijon da ke kusa da ni har riƙe kujera yake yi, alhali ya san sakamakon tun shekaru.

Southgate fa shi ne ya ɓarar da fenareti a filin Wembley a gasar Kofin Turai ta 1996, Jamus ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe. Shekara 20 bayan nan aka miƙa masa ƙungiyar Ingila, bayan Sam Allardyce ya ja ragamar wasa ɗaya tak ya tafi. Sai ya kawo Pippa Grange, masaniyar halayyar ɗan Adam, aka zaunar da ƙarti kowa ya faɗi abin da yake tsoro. Nan 'yan kallo suka yi ta dariya. To amma a Rasha a 2018, yana sanye da falmaran ɗin nan tasa, suka fitar da Kolombiya da fenareti, karon farko da Ingila ta yi haka a Kofin Duniya.

Ni inda ya taɓa ni daban ne. Wasan ƙarshe na Kofin Turai da Italiya, 11 ga Yulin 2021. Rashford ya ɓarar, Sancho ya ɓarar, Saka ya ɓarar, yaro ɗan shekara 19. Kafin gari ya waye zagin launin fata ya cika intanet. Ɗana a nan aka haife shi, rigar Saka ce ba ya rabuwa da ita. Washegari na ɗauke rigar na cusa ƙarƙashin katifa, na ce masa tana wanki. Uwarsa ta kalle ni, ba ta ce uffan ba. Yau da aka zo wurin a dandamali, zauren ya yi tsit, ni kuwa katifar nan kawai nake gani.

Gaskiya marubucin ya ɗan shafa wa Southgate mai da yawa. Shekara takwas, wasan ƙarshe biyu, kofi babu. Da a gida ne, da tuni 'yan gidan kallo sun sallame shi tun kafin hukuma ta yi zama. Sai dai na tuna Saka ya sake fitowa a 2024 ya buga wa Suwizalan, ta shiga raga, ya juyo yana murmushi. Wanda ya sake ba shi wannan ƙwallon ya san abin da yake yi.

Kuma ku ji mutanen nan. Duk wannan dogon nazari a kan wane ne ɗan Ingila, ƙarshe suka je suka ɗauko Tuchel, Bajamushe, ya gaji Southgate! Bari in yi sauri, a tashar Waterloo zan kama jirgin ƙasa, sanyi ya fara cin yatsuna.