Irmiya 29:11: Wa Aka Yi Wa Alkawarin, Kuma Yaushe Ya Cika?

Salama, 'yan'uwa cikin Almasihu.

Da wuya a sami mai bi da bai taɓa jin Irmiya 29:11 ba, inda Ubangiji ya ce ya san shirin da yake da shi domin jama'arsa, shiri na alheri ba na masifa ba, domin su sami bege da kyakkyawar makoma. Ana buga ayar a katin biki, ana manna ta a bayan mota, ana karanta wa yaron da ya gama makaranta. Aya ta 10 da ke gabanta kuwa ba a cika waiwayarta ba, alhali a can ne aka yanka wa'adi: shekara 70 kafin a komo daga bauta a Babila.

A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya ci Urushalima. Ya kwashe sarki Yekoniya da mahaifiyarsa, da fadawa, da maƙera da masassaƙa, ya kai su Babila, wato Iraƙi ta yau, ya ɗora Zadakiya a kan gadon sarauta. Waɗannan bayin da aka kwashe ne aka rubuta wa ayar, su duka a matsayin al'umma guda.

A lokacin, annabawa biyu sun yi karo a cikin Haikali, a gaban firistoci da jama'a. Irmiya ya zo da karkiyar itace rataye a wuyansa, irin wadda ake ɗaura wa shanun huɗa, alamar cewa mulkin Babila zai daɗe. Hananiya kuwa ya miƙe ya ce nan da shekara 2 kayan Haikali za su dawo, sarki zai dawo, kowa zai koma gidansa. Irmiya ya ce amin, Allah ya sa haka. Hananiya ya fizge karkiyar ya karya. Irmiya bai tanka ba, ya kama gabansa. Daga baya Ubangiji ya sake aiko shi ya ce wa Hananiya ta itace ya karya, ta ƙarfe ce za ta maye gurbinta. Wata biyu bayan nan Hananiya ya mutu.

A gaskiya, da a ce yau ne, majami'ar Hananiya ce za ta cika maƙil daren shiga sabuwar shekara. Wa ke son jin shekara 70 ga mai cewa 2?

To, mene ne Irmiya ya rubuta wa mutanen da ke Babila? Ya ce su gina gidaje su zauna. Su dasa gonaki su ci amfaninsu. Su yi aure, su haifu, su aurar da 'ya'yansu, su ƙaru kada su ragu. Sai kuma abin da ya fi ɗaci: su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su bauta, su riƙa yi masa addu'a, gama cikin lafiyarsa ne za su sami tasu. Birnin mutanen da suka raba su da gida ke nan fa.

Ka ɗauki magidanci ɗan shekara 40 da ke tsaye ana karanta wasiƙar. Lissafi ba wuya, ya san a Babila za a binne shi. Duk da haka shi ma an ce masa shirin na alheri ne. Abin da ya rage masa shi ne ya kwance ƙunshin kayan da ya ajiye bakin ƙofa yana jiran ranar komawa, ya nemi yumɓu ya fara gini. Dogara ga shirin Allah a wurinsa ke nan. Ba a ce masa ya naɗe hannu da sunan haƙuri ba, ba a kuma ce masa bautar ba ta da zafi ba. Wanda rikici ya raba da garinsu, ko matar da ta shekara goma tana jiran haihuwa, sun fi mu fahimtar nauyin wannan umarni.

Irmiya kansa bai tsaya ga wa'azi ba. A sura ta 32, sojojin Babila sun sake kewaye Urushalima, shi kuma yana tsare a farfajiyar matsara. Sai ga Hanamel, ɗan baffansa, ya zo masa da tallan gona a Anatot, garinsu. Gona ana tsakiyar yaƙi! Irmiya ya saya. Ya auna shekel 17 na azurfa, aka rubuta takarda a gaban shaidu, ɗaya a hatimce ɗaya a buɗe, ya ba Baruk, magatakardansa, ya ce a sa su cikin tukunyar ƙasa don su daɗe. Da ya gama, sai ya juya ga Allah cikin addu'a, ya ce ga birni ana shirin ba da shi ga abokan gaba, amma ka ce in sayi gona. Ya riga ya yi biyayya, tambayar kuma tana nan a bakinsa. Allah bai tsauta masa a kan tambayar ba, ya amsa masa. Saboda haka mai bin da ke kuka yana tambayar dalili bai fita daga bangaskiya ba, kada mu yi saurin rufe masa baki da aya.

Ba da daɗewa ba birnin ya faɗi, aka ƙone Haikali. Irmiya, waɗanda suka ragu suka tafi da shi Masar ba da son ransa ba.

A shekara ta 539 kafin haihuwar Almasihu, Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, ya kuma ba da izinin komawa. Littafin Ezra ya ƙidaya mutum 42,360 da suka koma. Akwai tsofaffi a cikinsu da suka ga Haikalin farko da idonsu, amma wanda aka kwashe yana magidanci a 597 ya riga ya kwanta dama ko ya tsufa tukuf. Waɗanda suka ɗauki duwatsu suka sake ginin su ne 'ya'ya da jikokin da aka haifa a gidajen da iyayensu suka yarda suka gina a Babila.