Wasa a aji ba ɓata lokaci bane

Laccar da wata malamar firamare tayi a taron iyaye da malamai a Aboabo, Kumasi, an rubuto ta daga rikodin.

Assalamu alaikum iyayena, malamai, yan uwana ticoci. Nasan wasunku da ƙorafi kuka zo, an sayi littafi an ɗinka yunifom, yaro ya dawo gida yace yau wasa mukayi a aji. To ku ɗan saurare ni.

Akwai wani yaro da na koyar a aji uku, in na rubuta 20 a cire 13 a allo sai ya ƙura min ido kawai hawaye na taruwa. Rannan na biya wajen mamanshi sayen waakye, wato shinkafa da wake, naci na sidi 13 na miƙa 20, kafin uwar ta juyo yaron nan ya ƙirgo min canjin sidi 7 cif. Wallahi ranar banyi barcin kirki ba. Ashe ya iya lissafi, allo da bulala yake tsoro. Washegari na tattara gwangwanin Milo da kwalin ashana da marafen kwalba, na yayyanka takarda ta zama kuɗi, muka buɗe shago a bayan aji, shi na ɗora a kan ciniki. In wani ya bada canji ba daidai ba masu saye ne zasu tada murya, ba ni ba, kuma babu mai kuka, sake ƙirgawa akeyi. Ni kuma ina gefe ina ganin wanda yake kasawa da inda yake kasawa, abinda jan biro baya nuna min sai bayan jarrabawa.

Ku duba oware da dattawa ke bugawa a gindin itace. Rami 12, ƙwaya 48, huɗu huɗu a kowane rami, wanda ya tara 25 yaci. Yaron da yake so ya kwashe biyu ko uku a ramin abokinshi dole ya ƙirga inda ƙwayarshi ta ƙarshe zata faɗa tun kafin ya ɗauka, ai lissafin kai kenan kuma babu wanda ya tilasta mishi. A wasan ampe ma nakan sa yan mata su ƙirga maki da biyar biyar suna tsalle suna tafi.

Ba mu muka ƙirƙiro ba fa. Froebel, wani malami a Jamus, ya raɗa sunan kindagatin, wato KG, ajin yara ƙanana kafin firamare, a 1840 kuma da wasa yake koyarwa, manhajar da Ghana ta fara a 2019 itama tace yaran KG da wasa zasu koya. Mu musulmi kuma munsan jikan Annabi, sallallahu alaihi wasallam, ya hau bayanshi yana sujada, ya tsawaita sujadar har yaron ya sauka da kanshi.

Amma ticoci, tsakani da Allah, a watsa wa yara ludo malam ya koma kan waya wannan ba koyarwa bane. Kafin a fara kasan abinda kake so su kama, minti goma sha biyar ya isa, an gama a koma littafi a rubuta abinda akayi. Ajin ya cika, ku rabasu shida shida.

Iyaye, daga ranar Litinin inaso kowane yaro yazo min da marafen kwalba 20, a wanke su. Mai tambaya ya ɗaga hannu kafin a kira la'asar.