Tirelar Kwana da Iskar Wyoming: Yadda Tafiyar Iyalin Malam Ta Tsaya a Hanya

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. A yau Malam ya amince ya ba mu labarin tafiyar da ya yi da iyalinsa daga Denver zuwa gandun Yellowstone, tafiyar da aka shafe watanni ana shiri amma ta kusa zama abin kuka. Muna tare kuma da Kawu, wanda ya daɗe yana tuƙa manyan motoci a hanyoyin Amurka. Malam, kafin komai, da yawa daga cikin masu sauraronmu idan suka ji an ce tirela, babbar motar dakon kaya ce za ta zo musu a rai. Wace irin tirela ce wannan?

Malam: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kawu, barka da warhaka. Wannan tirelar ɗaki ne a kan tayoyi, ba ta da inji, motar gida ce ke jan ta. A cikinta akwai gadaje, da ɗan madafi mai aiki da gas, da banɗaki, da tankin ruwan sha, da tankunan ruwan da aka yi amfani da shi. Amurkawa sukan ja ta zuwa gandun daji su kwana a ciki. Na yi hayarta ne saboda muna da yara huɗu, kuma uwargida tana son ta riƙa dafa mana abincinmu da kanta, ba sai mun yi ta neman inda ake sayar da halal a ƙauyukan da ba mu san kowa ba. Mun kama wuri tun da wuri a sansanin Fishing Bridge, wanda ba a yarda a kafa tanti a cikinsa ba saboda namun dajin da ke yawo a yankin, sai dai ɗaki mai bango mai tauri irin wannan.

Hajiya: Wato niyyar mai kyau ce, kuma an yi tanadi.

Malam: An yi tanadin komai, ban da abu guda da ya fi kowanne muhimmanci, wato yadda aka jera kayan. Hajiya, kin san halinmu da guzuri. Mun ɗauki buhun shinkafa, da jarkar mai, da kula biyu cike da nama da ƙanƙara, da tukwane, da ƙaramin janareta, da kekunan yara. Wurin da ya fi fili a tirelar shi ne can baya, ƙarƙashin gadajen yara, don haka a nan na tara masu nauyin, na kuma rataye kekunan a bayanta daga waje. Sannan na cika tankin ruwa, wanda ke ɗaukar kusan lita 150, kuma a wannan tirelar yana bayan tayoyi ne. Da na haɗa ta da mota, sai na ga bayan motar bai sauka sosai ba, na ji daɗi, na ɗauka alama ce ta cewa komai ya daidaita.

Kawu: Ɗana, a nan hatsarin ya faru, tun a ƙofar gida, sauran duk jira ne kawai. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka kilo 150 ka ɗora a bayan tayoyi tun kafin a yi maganar shinkafa da janareta. Ƙa'idar da masu ƙera waɗannan tireloli suke bayarwa ita ce, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar ya sauka a kan wuyanta, daidai inda ta haɗu da mota, kuma mafi yawan kaya su kasance a gaban tayoyi. Idan tirelar da kayanta ta kai kilo 2,500, to wuyan yana bukatar tsakanin kilo 250 da 375. Idan nauyin ya koma baya, sai tirelar ta zama kamar lilo: da zarar wani abu ya ture ta gefe, nauyin bayan zai wuce da ita, ta dawo ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko, tana kuma jan bayan motar tare da ita. A ƙaramin gudu lilon yakan mutu da kansa. Amma akwai wani gudu da idan aka wuce shi, kowane kaɗawa sai ya fi na baya girma, kuma iyakar yadda kayan suka koma baya, iyakar yadda wannan gudun yake raguwa.

Hajiya: Kawu, ai ko a gida muna ganin masu lodin manyan motoci a tasha suna gardama a kan inda za a ɗora buhu.

Kawu: Ba gardamar banza suke yi ba, Hajiya. Sun san cewa inda aka ajiye kaya ya kai yawan kayan muhimmanci. Abin da ke yaudarar mutane a Amurka shi ne lambar da ake tallar mota da ita, cewa za ta iya jan kilo kaza. Mutum zai duba ya ga tirelarsa ba ta kai haka ba, sai hankalinsa ya kwanta. Alhali akwai wata lambar a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, wadda ke faɗin nauyin da motar za ta iya ɗauka a kanta, kuma a cikinsa ne ake lissafin mutane shida, da kayan da ke but, da nauyin wuyan tirelar. Kowace lamba da aikinta, kuma babu wadda za ta gaya maka ko ka jera kaya daidai, sai ma'auni.

Malam: Ban san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a lokacin. Wanda ya ba ni hayar ya nuna mini yadda ake kunna murhu da yadda ake zubar da ruwan banɗaki, na sa hannu na tafi. Ba zan ɗora masa laifi ba, domin ban tambaya ba. Mun bar Denver bayan sallar asuba, da niyyar cin sama da kilomita 800 a yini ɗaya. Har garin Laramie na jihar Wyoming ban ji wani abu mai tayar da hankali ba, sai dai ɗan motsi a sitiyari. Uwargida ta ji shi kafin ni. Ta ce mini, "Malam, wannan abin yana rawa a bayanmu, ka tsaya a duba." Na ce mata haka tirela take, kuma muna da tafiya a gabanmu. Sau biyu ta faɗa. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau.

Hajiya: Allah ya kyauta. Sai kuka hau babbar hanya ta 80.

Malam: Muka hau ta muka yi yamma. Tsakanin Laramie da Rawlins akwai kimanin kilomita 160 na fili fetal a kan tudu, kusan babu abin da zai tare iska. Na ga allunan lantarki suna gargaɗin iska mai ƙarfi, amma na ɗauka da manyan motoci ake. Ina gudun wajen mil 70 a sa'a, motoci kuma suna ta wuce ni, don haka a ganina a hankali nake tafiya.

Kawu: Duk direban da ya san wannan hanyar yana girmama yankin Arlington da Elk Mountain. Hukumar hanyoyin Wyoming takan rufe hanyar ga motoci masu tsayi marasa nauyi idan iska ta yi tsanani, domin tana kifar da su, kuma tirelar kwana na cikin waɗanda ake nufi. Gefenta bango ne shimfiɗaɗɗe, ga tsayi, ga rashin nauyi. Sannan iyakar gudun da aka rubuta a allo, mil 75 ko 80 a wurare da dama na jihar, ba ta shafi mai jan tirela ba ta fuskar hankali, ko da doka ba ta hana shi ba. Tayoyin irin waɗannan tireloli da yawa an ƙera su ne don kada a wuce mil 65.

Malam: Kusa da Elk Mountain ne wata babbar mota ta zo wuce mu ta hagu. Na ji kamar an ture mu dama, sannan aka jawo mu hagu. Na duba madubi sai na ga gefen tirelar gaba ɗaya, abin da bai kamata in gani ba. Ta koma ɗaya gefen. A karo na uku tayoyi suka fara ƙara, yara suka fara kuka, uwargida tana ta maimaita Innalillahi. Na taka birki da ƙarfi, na murza sitiyari don in gyara, kuma duk murzawar da na yi sai abin ya ƙaru. Tayar tirelar ta dama ta sauka daga kwalta ta fashe. Ja da ta yi a ƙasa ne, da ikon Allah, ya rage mana gudu har muka tsaya a karkace a gefen hanya. Ban san daƙiƙa nawa aka yi ba. Na dai san cewa na kasa sakin sitiyarin na ɗan lokaci bayan mun tsaya.

Hajiya: Alhamdu lillahi da babu wanda ya ji rauni. Kawu, me ya kamata ya yi a wannan lokacin?

Kawu: Abin da jiki ba ya son yi. A ɗage ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari a miƙe, kada a bi lilon da murzawa, domin hannun mutum kullum yana makara, sai ya zama yana ƙara masa ƙarfi. Kada kuma a taka birkin mota da ƙarfi, domin idan mota ta tsaya tirelar na turo ta daga baya tana karkace, za su naɗe. Tirela mai wannan girman tana da nata birkin na lantarki, kuma kusa da direba akwai ɗan akwatin da ke sarrafa shi, da wani ɗan maɓalli da ake matsawa da hannu. Idan aka matsa shi, tirelar kaɗai ke kama birki, sai ta ja baya ta miƙe kamar igiyar da aka ja. Amma sai wanda ya gwada shi a filin da babu kowa hannunsa zai tuna da shi a ranar bukata.

Malam: Akwatin yana nan kusa da gwiwata, Kawu, ban taɓa taɓa shi ba. Mutane da suka ji labarin sukan ce mini tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, kuma ni ban ɗaure ba.

Hajiya: Yaya aka yi kuka bar wurin?

Malam: Da wahala. Sifanar motata ba ta shiga notunan tirelar ba, kuma jak ɗin mota bai dace da ita ba. Fashewar tayar ta yage ƙasan tirelar ta fasa bututun ruwa. Iska tana kaɗa ƙofa, manyan motoci suna wucewa dab da mu, don haka muka fitar da yaran muka zaunar da su nesa da kwalta. Kusan sa'a uku muka yi kafin mai gyara ya iso. Shi ne ya nuna mini lambobi huɗu na ƙarshe a jikin tayar, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, sai ga shi ta haura shekara bakwai, ko da yake zanenta bai cinye ba. Muka lallaɓa zuwa Rawlins muka kwana a otal. Washegari na kai ta ma'aunin manyan motoci a gidan mai, aka auna motar tare da tirelar, aka sake auna motar ita kaɗai. Duk da ruwan da ya zube, nauyin wuyan bai kai kashi 10 cikin ɗari ba.

Kawu: Awon da kuɗinsa bai kai na abincin rana ba.

Hajiya: Kun ci gaba da tafiyar?

Malam: Na so mu ci gaba, domin an biya kuɗin sansani, kuma yaran sun daɗe suna maganar ganin marmaron Old Faithful yana feso ruwan zafi. Na mayar da kaya masu nauyi gaba, na sauke kekunan, aka sa sababbin tayoyi. Amma a gabanmu akwai mashigar Togwotee, mai tsayin kusan mita 2,900, da hawa da gangara, kuma uwargida ta ce ba za ta sake sa yaranta a gaban wannan tirelar a kan dutse ba. A wannan karon na saurare ta. Muka juya Denver da sassafe kafin iska ta tashi, ban wuce mil 55 ba, na kuma biya kuɗin gyaran tirelar.

Hajiya: Yaran fa, yaya suke yanzu?

Malam: Manyan sun warware, har suna tambaya yaushe za a koma. Ƙaramar, mai shekara shida, har yanzu idan babbar mota ta zo wuce mu sai ta kama hannun ƙofa ta yi shiru har sai ta wuce. Na yi mata alkawari za mu je Yellowstone a bazara mai zuwa in Allah ya yarda, kuma Kawu ya ce zai ba ni Asabar biyu a filin ajiye motoci kafin nan.

Kawu: Uku, ɗana, domin komawa da baya ma sai an koya. Ka zo da uwargida ita ma ta riƙe sitiyarin.

Hajiya: Allah ya kai mu. Mun gode, Malam, mun gode, Kawu. Masu sauraro, sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba. Assalamu alaikum.